Jiran ilhama na cinye mana littattafai

Duk inda marubuta suka haɗu a garin Jos, ko wurin ƙaddamar da littafi ne, ko majalisar bayan la'asar, ko zauren WhatsApp, idan ka tambayi mutum ina labarin littafin da ya ce yana rubutawa, amsar kusan iri ɗaya ce. "Wallahi abin ne bai zo ba tukuna." Wani ya ce kansa ne ya cushe. Wata ta ce tana jira ta samu natsuwa. Mai ɗan ilimin Larabci ya ce ilhama ce ba ta sauko ba. Kowa ya gyaɗa kai, don kowa ya san uzurin, shi ma da shi yake kare kansa. A watse a haka. Baɗi war haka a sake haɗuwa, littafin yana nan a babi na uku inda aka bar shi.

Ni a ganina wannan uzuri ya fi yi mana ɓarna a kan tsadar takarda da rashin kamfanonin ɗab'i, waɗanda muka fi yawan kuka da su. Tsadar takarda littafin da aka gama take hana wa fitowa, shi kuwa jiran ilhama tun a ciki yake kashe shi. Ra'ayina shi ne duk wanda ya ɗauki rubutu da gaske ya yanka wa kansa lokaci sananne, ya riƙa zama a wannan lokacin, ko ransa na so ko ba ya so. Akwai yadda ake yin hakan ya rikiɗe ya zama wata cutar ta daban, kuma ita ma ta kama mu, zan zo kanta.

Ba daga sama muka ɗauko tunanin jira ba. Mun taso muna ganin mawaƙan baka suna tsayawa gaban taro, a kaɗa musu kalangu ko kotso, su kama sunan mutum nan take su ɗora masa baiti, su jero asalinsa da kirarin gidansu ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Mutane suka ce baiwa ce, wasu suka ce aljanu ke ba su, kuma ba kowane mawaƙi ke musa wannan ba, tun da maganar tana ƙara masa kwarjini. Daga nan muka ɗauka duk wani aikin fasaha saukowa yake yi, mai shi nasa kawai ya buɗe baki. Muka kwaso wannan fahimta muka shigo da ita harkar rubutu.

Ban musa baiwa ba. Allah Ya ba wasu kunnen jin daɗin magana da bai ba wasu ba, kuma babu yawan zaman da zai mayar da kowa gwani. Sai dai ɗan kallo ranar wasa kawai yake gani. Marigayi Ɗanmaraya Jos, haifaffen Bukuru da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna har ƙasashen waje. Tun yana yaro ya kama kuntigin nan, kuma da shi ya tsufa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kuntigi ya gwada ya san tsirkiya ɗaya ba ta rufa wa hannu asiri, yatsun da ke fitar da wannan sauti sun yi shekaru suna maimaita abu guda. Haka mawaƙin fada. Kafin ya zama jagora ya yi shekaru yana ɗan amshi a bayan wani, yana tara kirari da habaici da tarihin gidajen sarauta, kuma shi da mutanensa sun san inda za a karɓa da inda za a saki. Abin da mu 'yan kallo muke kira nan take, tsohuwar ajiya ce ake zarowa.

Idan muka dawo kan rubutun zube, tarihinsa ma bai goyi bayan masu jira ba. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da gasa ya fara. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuto labarai, aka zaɓi biyar aka buga. Waɗanda suka rubuta ɗin ba mutane ne da ke zaune ba aiki ba. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauchi. Aka ce ga abin da ake nema, suka zauna suka yi. A 1936 aka aro Imam zuwa Zariya, ya yi kimanin wata shida yana aikin Magana Jari Ce, littafi uku da har gobe ake karantawa a makarantu. Mutumin da aka aro daga wurin aikinsa na 'yan watanni ba shi da bakin cewa yau abin bai zo ba. Daga 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya yi sama da shekara goma a kan kujerar, jarida kuwa ranar fitowarta ba ta jiran kowa. Hausar nan mai santsi da muke yabo, cikin irin wannan matsi aka goge ta.

Kafin boko ma haka abin yake. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar rubuce-rubucen da in an haɗa su ana maganar ɗaruruwa, kuma da yawa daga ciki an yi su ne a shekarun hijira da yaƙi da kafa mulki, daga 1804 zuwa gaba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, uwar 'ya'ya ce, ita ke kula da karatun matan karkara ta hannun jajis, wato malamai matan da ta horar, da 'yan taru, kuma ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Natsuwar da muke cewa muna jira, su ba su same ta ba. Akwai mutanen da ke buƙatar abin da za a rubuta, shi ya sa aka rubuta.

A zamaninmu ma muna gani. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016, duk shekara da zarar an sanar da ranar rufewa sai ka ga matan da suka yi watanni ba su taɓa alƙalami ba sun kammala labari cikin 'yan makonni. Ba baiwarsu ce ta ƙaru a makonnin ba, wa'adi ne ya zaunar da su. Abin da nake cewa shi ne mutum ya koyi zaunar da kansa tun kafin wani ya yanka masa wa'adi, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma labarin da aka haɗa a daren rufe gasa alƙalai suna gane shi.

Akwai wani dattijo alaramma a unguwarmu da ke rubuta Alƙur'ani da hannu. Na sha tsayawa a ƙofar zaurensa da sassafe cikin hunturu, irin sanyin Jos na Disamba da Janairu da ke sa yatsa ya ƙi lanƙwasuwa. In ya dawo daga masallaci ba ya komawa barci. A shimfiɗa masa buzu, a ajiye kaskon garwashi a gefe, ya ɗumama hannuwansa gaba da baya, ya fiƙe alƙalamin gamba da 'yar wuƙa, ya gwada bakinsa a bayan wata tsohuwar takarda. Baƙar tawada a kwalbarta, ja ta wasali a tata, rawaya ta hamza a tata. Ya ɗora takarda a gwiwa ya zuba baƙaƙen da ya ɗibar wa ranar, ya jera su gefe su bushe, wasali sai daga baya. Rana na ɗagawa, almajirai sun fara shigowa da allunansu, sai ya tattara ya sa a gafaka. Wata safiya da sanyin ya yi tsanani na ce masa, "Allah gafarta Malam, yau ma ba za a huta ba?" Bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, hannu in ka ba shi hutun kwana uku, ran na huɗu sai ka roƙe shi."

Na san abin da za a ce. Shi ai haddarsa yake zubawa, ba sabon abu yake ƙagowa ba, mai labari kuwa daga babu yake kawowa. Gaskiya ne, aikin biyu ba ɗaya ba ne. Amma roƙon da Malam yake magana a kai ya fi tsanani a wurin mai labari, domin shi ba hannu kaɗai ke sanyi ba, har da mutanen da ya ƙirƙira. Wanda ya bar labarinsa wata biyu, ranar da ya dawo ba daga inda ya tsaya zai tashi ba. Sai ya koma farko ya karanto, ya tuno wace ce kishiyar wa, me ya sa Hajiya ta daina amsa gaisuwar ɗanta, wane irin baki ya ba direban nan, a damina ake ko a rani. Kafin ya gama tunowa lokacin da ya samu ya ƙare, ya rufe da niyyar gobe, goben kuma ta zama wata biyu. Mutane da yawa da ke cewa kansu ya cushe, wannan ne ke damunsu. Kullum a bakin ƙofar littafin suke, ba su taɓa daɗewa a ciki ba.

Wanda ya taɓa labarinsa jiya kuwa, mutanen labarin suna nan tare da shi. Yana cikin keke daga Terminus zuwa Farin Gada, wata fasinja tana waya ta yanka wata magana, nan take gabansa ya faɗi, ya gane ai wannan ce maganar da uwar miji za ta faɗa a babi na bakwai, wadda ya kwana yana nema. Wannan ita ce ilhama, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma mutum huɗu ne suka ji maganar a keken nan, wanda ya fito gida da tambaya a ransa shi kaɗai ya ji amsa a ciki.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Boice, ya gwada wannan a shekarun 1980 da malaman jami'a masu fama da rubutu. Ya kasa su uku. Wasu ya ce su dakatar da rubutu sai wanda ya zama dole, wasu su rubuta duk sa'ad da suka ji sha'awa, wasu kuma ya ɗaure su da lokaci har da tara in sun saɓa. Kashi na uku sun fi kowa yawan shafuka, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne su ne kuma sababbin dabaru suka fi zuwar wa. Mutanen da ya gwada ba su da yawa, kuma rubutun ilimi suke yi, don haka ba zan ɗora wa binciken kayan da suka fi ƙarfinsa ba, amma ya zo daidai da abin da masu sana'ar suka daɗe da sani. Anthony Trollope, marubucin Ingila na ƙarni na 19, ma'aikacin gidan waya ne. Ƙarfe 5:30 na asuba yake zama, agogo a gabansa, yana neman kalma 250 a kowane minti goma sha biyar, kafin ya shirya ya tafi ofis, kuma a haka ya bar ƙagaggun littattafai 47. Ban ce kowa ya sa agogo a gaba ba. Abin da ya ja hankalina shi ne mutum ne mai aikin albashi kamar yawancinmu. Mu ɗauki abin da bai kai nasa ba ko kusa: kalma 300, wato kusan shafi guda, kwana biyar a mako, mako 40 a shekara, an bar sauran don azumi da salla da biki da rashin lafiya. Kalma 60,000 ke nan, littafi cikakke.

To, ga ɗaya cutar.

Marubutan intanet, waɗanda galibinsu mata ne, babu mai zarginsu da jiran ilhama. Kullum suna rubutu, a waya, da manyan yatsu biyu, su tura feji, wato kason labarin na ranar, a zauren WhatsApp ko Wattpad ko manhajojin sayar da littafi. Masu karatu sun biya kuɗin shiga, suna jiran ci gaba. In aka yi kwana biyu shiru saƙo ya dinga shigowa, "Anti, lafiya kuwa? Mun ji ki shiru." In aka ƙara kwana ɗaya lallashi ya koma gori, a tuna mata cewa an fa biya. Ina ganin girman matan nan ƙwarai. Su suka riƙe matasa da karatun Hausa a lokacin da kasuwar littafin takarda ta durƙushe, kuma sun nuna cewa mace mai miji da 'ya'ya da girki tana iya fitar da dubban kalmomi a mako. Duk namijin da ke cewa ba shi da lokaci ya dube su.

Amma na ga abin da tsarin ke yi musu. Ina da ƙanwa, 'yar kawuna, da ke wannan rubutu. Na taɓa kwana gidansu na ga yadda ake yi. Bayan isha'i, yara sun yi barci, an ɗauke wuta, cajin waya saura kaɗan, tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango, ta lulluɓa da bargo, tana taifin cikin sauri. Abin da ta rubuta ƙarfe sha ɗaya, sha ɗaya da rabi ya isa hannun masu karatu, ko sau ɗaya ba ta maimaita karanta shi ba. Na ce mata, "Me zai hana ki bari sai da safe ki duba, sannan ki tura?" Ta ce, "Yaya, ba ka san mutanen nan ba ne. In ban tura yau ba, gobe sun koma littafin wata."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma daga nan ɓarnar ke shigowa. Ranar da marubuciya ba ta san inda labarin ya dosa ba, fejin dai dole a cika shi. Sai a buɗe lefe a bi shi akwati-akwati, a zagaya falo a faɗi kalar labule da irin turaren wutar da ke tashi, a sa jaruma ta shiga wanka ta fito ta zauna gaban madubi har shafi uku. In duk wannan ya ƙare a kawo hatsarin mota, ko a ɓullo da wata sabuwar kishiya daga Dubai. Labarin da zai tsaya da ƙafarsa a feji 40 sai ya kai 120, ya yi ruwa. Abin da aka tura kuma ya tafi ke nan. In a feji na 60 ta gane cewa da uban ya rasu tun farkon labari da komai ya fi zama daidai, babu hanyar komawa. Ga masu karatu suna jan akalar daga zaure, wannan ta ce a haɗa ta da wane, waccan ta rantse in aka kashe wance ta daina karantawa. Marubuciyar da ta fara da abin da take son faɗa sai ta ƙare tana bin bayan taro. Kuma na san akwai waɗanda gajiya ta sa suka ajiye rubutun gaba ɗaya, masu hannu mai kyau.

Masu kare jiran ilhama irin wannan suke nunawa su ce, ka ga abin da rubutun dole ke haifarwa. Ni kuwa ina ganin sun kama wanda ba shi ya yi laifin ba. Zaman kullum bai lalata labaran nan ba, turawar kullum ce ta lalata su. Zama daban, saki daban. Abin da ka rubuta yau ɗanye ne, haƙƙinsa ne ya kwana, a sake dubansa da idon safe, a yanke rabinsa in ta kama. Shawarar da nake ba ƙanwata, da duk mai irin aikinta, ita ce ta gama littafin kafin ta fara saki, ko aƙalla ta yi gaba da masu karatunta da feji ashirin, yadda ranar da kai ya ɗauki zafi akwai ajiyar da za a tura. Na san ba kyauta ba ne. Wata ɗaya ko biyu za su wuce babu kuɗin da ke shigowa, zaure zai yi sanyi, wasu za su tafi. Amma masu karatun nan ba yara ba ne, suna gane littafin da aka san ƙarshensa tun daga farko, kuma shi suke tura wa ƙawayensu bayan shekara biyu.

Shi ya sa in na ce mutum ya zauna a lokacinsa, ba ina nufin lallai ya cika shafi da sababbin kalmomi ba. Lokacin na littafin ne, duk abin da littafin ke buƙata ya shiga ciki. Gyara aiki ne. Karanta babin jiya da babbar murya don ka ji inda Hausar ta yi tuntuɓe, inda ka yi tunani da Turanci ka rubuta da Hausa, aiki ne. Zuwa wurin gwaggo a tambayo yadda ake kamu da buɗar kai a zamaninsu aiki ne. Ranar da aka zauna aka tashi da layi biyu marasa daɗi ita ma ta shiga lissafi, don gobe akwai abin gyarawa. Abin da bai shiga ba shi ne a riƙe waya da sunan rubutu a ɓuge da Facebook da TikTok.

Masu rubutacciyar waƙa su suka fi kowa riƙo da ilhama, kuma suna da 'yar hujja. Baitin farko yakan zo kyauta, kana tafiya ko kana kwance. Amma waƙa ƙwar biyar mai baiti arba'in, da amsa-amon ciki da na waje, da karin da ba a yarda ya karye ba, sauran baiti talatin da taran nan da zama ake samo su, ana ƙirga gaɓa ana sauya kalma.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta lokaci, kuma ba na raina ta. Mai shago a Terminus da ke fita tun safe sai magariba, malamar firamare mai aji cike da yara da tulin littattafan dubawa, matar aure a gidan yawa da surukai, duk wanda ya ce musu su riƙa tashi ƙarfe biyar kullum su rubuta, bai san rayuwarsu ba. Ni ban ce kullum ba, cewa na yi sananne. Asabar da Lahadi bayan asuba lokaci ne. Tsakanin azahar da la'asar ranar da ba girkinki ba lokaci ne. Rabin sa'a bayan an buɗe shago kafin ciniki ya kankama lokaci ne. Mu da salloli biyar suka riga suka yanka mana yini, ba baƙi ba ne ga abin da ake yi a kan lokacinsa ko ana jin ƙarfi ko ba a ji. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kan ibada aka yi maganar, amma malamanmu na zaure a kan wannan ƙa'ida suke sauke manyan littattafai, 'yan layuka bayan magariba, shekara da shekaru.

Akwai kuma wani amfani na sanannen lokaci da ba a cika faɗa ba, kuma mata ya fi shafa. Shi kaɗai ne mutanen gida za su iya girmamawa. Macen da ta ce za ta rubuta in abin ya zo mata, babu yadda za a yi a kare mata wannan lokacin, tun da ba wanda ya san shi, ita ma ba ta sani ba. In ya zo tana tsakar tuƙa tuwo ne ko goyo na kuka, ya wuce. Amma in ta ce Asabar daga asuba zuwa ƙarfe tara nata ne, maigida zai iya ɗaukar yara ya fita da su, babbar 'ya za ta iya dama koko, maƙwabciya za ta san ba a aiko yaro aron turmi a lokacin. Ina kira ga mazan da ke alfahari da cewa matansu marubuta ne su fara daga nan. Sa'a uku a mako ba ta rushe gida.

Mu a Filato muna da abin koyi a gefen hanya. Masu lambu da ke bakin tsofaffin ramukan kuza, daga Bukuru har Barikin Ladi, ba su jiran damina. Suna jan ruwa daga kududdufan da haƙar ma'adinai ta bari, safe da yamma, shi ya sa a tsakiyar rani kasuwar Farin Gada take cike da kabeji da karas da tumatir ana lodi zuwa wasu jihohi. In ruwan sama ya zo, alhamdulillahi, ya tarar da ƙasa a gyare. Ba wanda ya taɓa cewa mai lambu ya raina ruwan Allah don ya kunna inji.

Ban ce babu hutu ba. Wanda aka yi wa rasuwa, da mai jego, da marar lafiya, su ajiye alƙalami babu laifi. Littafin da aka gama zubin farko ma yana son a rufe shi 'yan makonni kafin a dawo gyara. Bambancin shi ne mai hutu ya san ranar da zai dawo, yakan ce bayan salla ko bayan arba'in. Mai jira ba shi da rana, zaman jiran gawon shanu yake yi.

Abin da ya sa na ɗauki maganar nan da zafi shi ne abin da garin nan ke asara. Jos tana da labarin da babu irinsa a ƙasar Hausa, don mu nan kuza ce ta tara kakanninmu daga Kano da Katsina da Borno da Bauchi, suka zauna da Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Yarbawa. Mutanen da aka kwaso aikin tilas a ramukan kuza lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, ba mu zauna da su mun rubuta da Hausa abin da suka gani ba. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, barikoki suka mutu, amma waɗanda suka yi lebura da heluma kafin nan wasu suna raye. Wanda yake ɗan shekara ashirin a 1970 yanzu ya haura saba'in. Ga rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, da gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairu 2002, da yadda unguwanni suka rabu, maƙwabtan shekara talatin suka sayar da gidaje suka yi musayar wurin zama. Yaran da aka haifa bayan 2001 sun yi aure sun haihu, ba su san garin da aka yi kafin nan ba sai a bakin iyaye. Yawancin abin da aka rubuta a kan waɗannan al'amura da Turanci ne, rahoto ne na kwamiti ko binciken jami'a. Yadda uwa ta kwana da 'ya'yanta a lokacin dokar hana fita, da maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa, da ɗan kasuwar da ya tsaya yana kallon shagonsa na ci, wannan aikin marubucin gida ne. Na san mutane a garin nan da ke ɗauke da waɗannan littattafai a ƙirjinsu, sun iya Hausa, sun ga abin da idonsu, kuma suna jira. Irin wannan littafi ba ya saukowa. Sai an je an gaida tsoho, an zauna, an koma an sake komawa, an zo gida an rubuta kafin a manta yadda ya faɗa.

Ƙungiyoyin marubuta na garin nan suna iya taimakawa da abu mai sauƙi. Mun iya shirya ƙaddamarwa, da babban baƙo da uban taro da mai sharhi, amma ba mu da wurin da ake haɗuwa don a rubuta. A nemi aron aji guda a wata Islamiyya ko firamare, ranar Asabar da safe, sa'a biyu, mata da wurinsu maza da nasu. Babu jawabi, babu gabatar da manyan baƙi, kowa ya zo da littafinsa ko wayarsa ya zauna ya yi aiki. Sau ɗaya a wata a ƙara sa'a guda, mutum biyu ko uku su karanta abin da suka yi a gyara musu tsakani da Allah. Wanda aka ga bai zo ba sau biyu a jere a kira shi a ji ko lafiya. Kuɗin da ake kashewa a hayar zaure da kujeru da lemo a ƙaddamarwa guda zai riƙe wannan zama shekara ɗaya, har a samu rarar kuɗin motar zuwa Bisichi da Barikin Ladi wurin tsofaffin 'yan kuza.